Muhawara: Buda a gaban talabijin, izgili ne ko tafakkuri?

Bakatsine_a_Landan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani abu da na gani shekarun baya wanda har yau bai fita daga raina ba, kuma ina so masu ilimin cikinmu su taya ni warware shi. A ƙarshen shekarar 2019 gidan adana kayan fasaha na Tate Modern da ke nan Landan ya baje kolin ayyukan Nam June Paik, mutumin Koriya da aka haifa a Seoul a 1932, ya mutu a Amurka a 2006, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne uban fasahar bidiyo. Daga cikin abin da aka ajiye akwai aikinsa na 1974 mai suna TV Buddha. Ba wani tarkace ne mai yawa ba. Mutum-mutumin Buda ne a zaune ya tanƙwashe ƙafafu, a gabansa ƙaramin akwatin talabijin, a bayan akwatin kuma kyamara ta fuskance shi. Abin da kyamarar ta gani shi take aika wa akwatin nan take, saboda haka Buda yana zaune yana kallon fuskarsa a talabijin, babu sauti, babu motsi, babu farko balle ƙarshe.

Da na fara ganinsa dariya ce ta kama ni. Sai na matsa kusa na leƙa, kawai na hangi kaina a cikin akwatin, ta bayan kafaɗarsa, da hulata da jakar da na rataya, kamar wanda ya kutsa ɗakin mutane ba sallama. Na ja da baya na fita daga hoton, kuma ban bar wurin ba sai bayan kusan minti ashirin. Ni a ganina tunda nake ban taɓa kallon talabijin da ya sa na natsu ba sai wannan. Tambayata ita ce, shin mutumin nan izgili yake wa addinin Buda, ko izgili yake wa talabijin, ko kuwa da gaske ya mayar da akwatin shagala wurin tafakkuri?

Mai_Shakka:
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, ka yi mini aikin gafara, amma abin da ka kwatanta ɗin nan akwai shi a shaguna da yawa a Kantin Kwari: kyamarar tsaro a sama, talabijin a gefen mai shago, duk wanda ya shigo ya ga kansa. Ban taɓa jin wanda ya tsaya minti ashirin yana tafakkuri a gabansa ba. Abin da ya tsayar da kai ba aikin ba ne, ginin ne da sunan wurin da kuɗin tikitin da ka biya. Wanda ya biya kuɗi ya shiga wuri ba ya son ya fito ya ce bai ga komai ba.

Malama_Talatu:
Malam Mai Shakka, maganarka ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin wuri yana ƙara wa abu kwarjini, amma akwai tarihin da ya kamata a ɗora a ma'auni kafin a yanke hukunci. Paik ba mai sassaƙa ba ne, kiɗa ya karanta. Ya gama jami'ar Tokyo a 1956, ya tafi Jamus ƙaro ilimi, a can ya haɗu da John Cage a 1958, Ba'amurke mai tsara kiɗa wanda karatun Zen, wato wani reshe na addinin Buda da ya shahara da zaman natsuwa, ya kai shi ga ganin cewa shiru ma abin saurare ne. A watan Maris na 1963 Paik ya yi baje kolinsa na farko a wani gida mai suna Galerie Parnass a garin Wuppertal, inda ya tara akwatunan talabijin 13, ya buɗe bayansu ya sauya musu wayoyi, kowanne ya riƙa murɗe hoton da tasha ke watsowa ta tasa hanyar. Har kan sa da aka yanka ya rataye a ƙofar shiga, don kada wani ya shigo da zaton wurin shan iska ya zo.

A tuna yadda talabijin yake a lokacin. Tasha ce ke magana, gida ya saurara, kuma mai kallo ba shi da iko da komai sai kunnawa da kashewa. Mu nan ma tashar Ibadan, wadda ita ce ta farko a Najeriya, an buɗe ta ne a 1959, ta Kaduna kuwa a 1962. A irin wannan zamani ne mutum ya sa hannu a cikin akwatin ya ce shi ma yana da ta cewa. Game da kyamarar shago, ai ita ce ainihin maganar. An ƙera ta don ta kama mai motsi, mai ɗauke abin da ba nasa ba, shi kuma ya juya ta kan abin da ba zai taɓa motsawa ba har abada.

MaiGyara_Fagge:
Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, gyaran talabijin nake yi shekara fiye da ashirin, amma da na karanta bayanin Malama sai na je na nemi hotunan ayyukan, kuma na gane su sarai, domin ciwo ne da nake magancewa kullum. Akwai wanda ake kira Zen for TV, akwati ne an tsayar da shi a kan gefensa, babu komai a fuskarsa sai farin layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. A tsohon talabijin mai ƙeya, akwai wata babbar kwalba a ciki wadda gabanta ne gilashin da ake kallo, da wata bindiga a can ƙarshen kwalbar da ke harba haske zuwa gilashin, sannan akwai naɗin wayoyi a wuyan kwalbar da ke jan hasken nan hagu da dama, sama da ƙasa, da sauri har ido ya ga cikakken hoto. Idan ɓangaren da ke jansa sama da ƙasa ya mutu, wanda mu muke kira batikal, duk hoton sai ya tattaru ya zama layi ɗaya a kwance. Shi ya kifa akwatin a gefe ne kawai, layin ya miƙe tsaye.

Na biyun, Magnet TV na 1965, maganaɗisu ne babba aka ɗora a saman akwatin, ya janye hasken ya zama kamar naɗin rawani. Ina yaron shago na taɓa ajiye tsohuwar sifika a kan talabijin ɗin wani mai kawo gyara, kusurwar gilashin ta rine ta koma shuɗi da kore, maigidana kuma ya hana ni kuɗin abincin ranar. Ashe da a Jamus nake da an rubuta sunana a littafi.

Mai_Shakka:
To kun ji daga bakin mai sana'a. Akwatin da ya lalace aka raɗa wa suna.

MaiGyara_Fagge:
A'a Malam, kada ka sa mini magana a baki. Na ce na san ciwon, ban ce banza ba ne. Sau ɗari na ga layin nan, kuma duk lokacin da na gan shi lissafin kuɗin gyara nake yi. Ban taɓa tunanin cewa a cikin siririn layin nan labarai suna nan, talla tana nan, ƙwallo tana nan, duk an matse su wuri ɗaya ba, alhali ni na fi kowa sanin cewa haka ne. Shi ya tsaya ya kalla, ni na ɗauki sukundireba.

Abu_Sumayya:
Ina da gyara guda ɗaya, kuma ina fatan Malam Bakatsine zai karɓe shi da kyakkyawar fuska. Kalmar tafakkuri a wurinmu tana da ma'ana tsayayya, wato mutum ya dubi halitta ya tuna Mahalicci, ya dubi sama da ƙasa da sauyawar dare da rana ya ƙara tsoron Allah. Ba kowane shiru ne tafakkuri ba, kuma ba kowace natsuwa ce ibada ba. Mai kamun kifi ma yana natsuwa. Sannan abin da aka ajiye a wurin nan, ko mun kira shi mutum-mutumi don sassauci, a wajen miliyoyin mutane abin girmamawa ne na addini, ana rusuna masa ana ƙona masa turare. Ban ce haramun ne mutum ya karanci fasahar wasu al'ummu ya fahimce ta ba, amma ina ganin ya kamata mu bar kalmominmu a inda suke, mu nemo wa abin da ka ji wani suna.

Bakatsine_a_Landan:
Allah ya saka da alheri, Malam Abu Sumayya, na karɓi gyaran. Bari in kira shi tsayuwar hankali, domin abin da ya faru ke nan: hankalina da ya saba tsalle-tsalle ya rasa inda zai tafi. Amma ka lura, shi kansa Paik ya taɓa faɗa cewa shi ba mabiyin Zen ba ne, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wani gurbi ne ya rage babu komai a baje kolinsa na Galeria Bonino a New York, sai ya cike shi da wannan. A wani nuni da aka yi a Kolon ta Jamus a cikin shekarar ta 1974 kuwa, ɗauke Budan ya yi ya zauna da kansa a gaban kyamarar. Wannan ne ya sa na kasa yanke hukunci. Mutumin ɗan barkwanci ne, amma barkwancin nasa ya faɗa daidai kan wani abu na gaske, domin a wata mazhabar Zen mai zaman natsuwa bango yake fuskanta, shi kuma ya musanya bangon da talabijin.

Tsohon_Furodusa:
'Ya'yana, ku ba tsoho dama ya ce wani abu, domin na yi shekaru masu yawa a ɗakin sarrafa shirye-shirye na wani gidan talabijin kafin in yi ritaya. Babban laifi a aikinmu shi ne shiru. Idan kaset ya maƙale, allo ya tsaya babu magana na daƙiƙa goma, kafin ka miƙe wayar ofis ta fara ƙara, washegari kuma takardar tuhuma tana jiranka. Ni ma na taɓa karɓar irin wannan takarda a kan wani sakaci da ba nawa ba. Dalilin a fili yake, ko da yake ba ma faɗinsa: idan aka yi shiru mai kallo zai farga cewa yana zaune ne a ɗaki yana kallon akwati, kuma wanda ya farga yana iya tashi ya tafi.

Wannan shi ne abin da wasu masu fasaha na Amurka, Richard Serra da Carlota Fay Schoolman, suka tona a 1973 a wani ɗan gajeren bidiyo da bai wuce rubutu yana hawa allo ba, da kiɗa mai laushi a ƙarƙashinsa. Abin da rubutun ke nufi shi ne, a talabijin na kasuwanci ba shirin ne haja ba, mai kallon ne haja, shi tasha ke tarawa ta sayar wa mai talla. Da na fara cin karo da wannan magana sai da na yi shiru, domin na san yadda muke tsara farashin talla: lokacin labaran dare ya fi tsada saboda a lokacin ne kawuna suka fi yawa.

Wanda ya fi taɓa ni kuwa shi ne abin da Bill Viola, wani Ba'amurke mai fasahar bidiyo, ya yi a 1983 tare da tashar WGBH ta Boston. Ya shiga gidajen mutane 44, ya ɗauke su suna zaune a inda suka saba kallon talabijin, suna duban kyamara ba su ce uffan ba. Tashar ta riƙa saka su a tsakanin shirye-shirye ba tare da sanarwa ba. Shi minti ɗaya ya so a ba kowane mutum, amma 'yan daƙiƙoƙi kawai aka bari. Na san abin da ya sa aka rage, kuma da ni ne a kan kujerar da wuya in bari ya kai haka ma.

Ummu_Hanifa:
Baba Furodusa, ni kuwa na san talabijin da ke yin kusan shiru yini guda kuma babu mai tuhumar kowa. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, ta sauke farali sau ɗaya tun ƙafafunta suna da ƙarfi. A ɗakinta tasha ɗaya ce ake kamawa, wadda ke nuna Ka'aba kai tsaye dare da rana. Babu labari, babu talla, babu abin da zai faru wanda bai faru jiya ba, mutane ne kawai ke kewayawa. Wani lokaci takan rage sautin gaba ɗaya ta zauna da carbinta, ta ce da ni, “Kin ga wancan lungun, a nan na zauna ranar da na ɓace wa ayarinmu.” Idan jikokinta suka sauya tasha ranta yana ɓaci kamar an rufe mata taga. Ban san sunan Paik ba sai yau, amma ina ganin tambayar Malam Bakatsine tana da amsa a ɗakin Hajiya, kuma ba ta biya tikiti ba.

Abu_Sumayya:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa ta sake komawa. Amma Malama, ki duba bambancin, domin shi ne gishirin maganar. Hajiya tana duban waje ne, zuwa wani wuri da zuciyarta ke bege, akwatin kuma taga ce kamar yadda kika faɗa. Budan nan kuwa madubi aka yi masa, kansa yake kallo, hoton ya fita daga gare shi ya komo gare shi. Malaman tarbiyyar zuciya sun daɗe suna gargaɗi a kan mai ibadar da ya shagala da kallon ibadarsa, suna kiran abin ujubu. Idan akwai darasi a aikin nan, to ni a nan na gan shi, kuma darasi ne na gargaɗi.

Ɗalibi_Samaru:
Malam, da izininka, ai wannan fassarar taka ita ce ta mayar da aikin na zamaninmu. Duk wanda ya taɓa buɗe kyamarar gaba ta wayarsa yana watsa kansa kai tsaye a TikTok ko Facebook, yana magana da mutane amma idonsa na kan fuskarsa, ya zauna a mazaunin Budan nan, illa dai shi Budan bai damu da yawan masu kallo ba. Sai dai kada mu mayar da Paik mai wa'azin ƙin talabijin, domin son talabijin yake yi. A ranar 1 ga Janairun 1984 ya haɗa New York da Paris ta tauraron ɗan'adam a shiri ɗaya kai tsaye, da makaɗa da 'yan rawa da mawaƙa, ya sa masa suna Good Morning, Mr. Orwell, yana mayar wa marubucin nan na Ingila, George Orwell, martani a kan hasashensa cewa a wannan shekarar allo zai zama idon gwamnati a cikin kowane ɗaki. Shirin ya yi ta samun tangarɗa, sauti ya yanke, hoto ya makara, shi kuwa bai ɗauki hakan aibi ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi ta wata hanyar, suka dubi yadda talabijin ke sayar da gaibu. Wani Bajamushe mai suna Christian Jankowski, da aka gayyace shi babban baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 1999, ya riƙa buga wa 'yan duban da ke shiri a tashoshin Italiya waya yana tambayarsu ko aikinsa zai karɓu, ya naɗi amsoshinsu, kuma amsoshin nan su ne aikin da ya nuna. Wanda ya taɓa kallon masu tallar maganin buɗi da farin jini da lambar waya tana yawo a ƙasan allo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Tunda Baba Furodusa ya ambaci Viola, ina so in kawo aikinsa ɗaya da na kalla har sau uku. A 1979 ya je Chott el-Djerid, wani busasshen tafkin gishiri a kudancin Tunisiya, ya kafa kyamara mai hangen nesa yana ɗaukar kawalwalniya. Bidiyon bai kai rabin awa ba. Za ka ga wani baƙin ɗigo yana rawa a cikin zafi, ya rabu biyu, ya haɗe, ya yi kamar yana tafiya a kan ruwa, sai can daga baya ka gane babur ne ko mota ko mutum. Bai ƙara komai ba, iskar zafi ce ke lanƙwasa haske. Ni da na sha bin hanyar Tanut zuwa Agadas da tsakar rana na san wannan gani, amma a mota addu'arka ita ce ka wuce shi, ba ka da lokacin kallonsa. Abin da ya zo mini a rai shi ne misalin kawalwalniya da ke cikin Suratun Nur, wadda mai ƙishirwa ke zaton ruwa ce. Kuma hoton talabijin ɗin kansa, kamar yadda Malam Mai Gyara ya bayyana, ɗigon haske ne ɗaya ke gudu, ido ya ɗauka mutum ne.

Malama_Talatu:
Madalla da wannan misali. Viola, wanda ya mutu a 2024, ya taɓa taya Paik aiki yana saurayi, amma hanyarsu ta rabu. Paik yana yawaita hoto da gudu har ya fi talabijin hayaniya, shi kuwa Viola lokaci yake ja. A aikinsa The Greeting na 1995 mata uku ne suka haɗu suka gaisa, abin da ya faru cikin daƙiƙa 45, ya miƙe shi ya kai kimanin minti goma, har kana iya ganin lokacin da fara'ar ɗaya daga cikinsu ta fara dusashewa da ta ga an juya mata baya. Ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara shida ya faɗa tafki ya kusa nutsewa kafin a tsamo shi, shi ya sa ruwa bai rabu da ayyukansa ba. Ya zauna a Japan ya koyi zaman Zen, kuma ya karanci Jalaluddin Rumi da sufayen Kirista.

Amma in faɗi ra'ayina, ko da zai saɓa wa na wasu: ayyukansa na baya-baya sun yi mini nauyin hannu. Idan ka rage gudun hoton mutum yana kuka, ka faɗaɗa shi ya cika bango a ɗaki mai duhu, dole jikin mai kallo ya yi sanyi, kuma wannan dabara ce da masu talla ma suka iya. Paik bai taɓa ce maka ga inda za ka ji tsoro ba. Ya bar ka da dariyarka, in ka ga dama ka wuce.

Bakatsine_a_Landan:
Malama, abin da kika faɗa na gwada shi ba da niyya ba. Daga Tate Modern gada ɗaya ce ta masu tafiya a ƙasa za ka tsallaka zuwa majami'ar St Paul, inda aka kafa aikin Viola mai suna Martyrs tun 2014. Allo huɗu ne a jere, mutum huɗu, ɗaya ƙasa ta binne shi, ɗaya iska na kaɗa ta a ɗaure, ɗaya wuta ta kewaye shi a kan kujera, ɗaya an rataye shi ta ƙafa ruwa na zubo masa, kuma babu sauti. Mutane suna tsayawa su kalla har ƙarshe, kimanin minti bakwai, da ya ƙare ya sake farawa sai su watse, domin sun ga an gama. A wurin Budan babu wanda zai gaya maka an gama. Kai ne za ka yanke wa kanka lokacin tafiya, kuma wannan ya fi mini wuya.

Mai_Shakka:
Na saurari kowa, kuma na janye rabin maganata ta farko, amma rabi kawai. Ga abin da ya rage. Waɗannan mutane da ake cewa sun yi wa talabijin tawaye, wa ya riƙe musu tsani? Tashoshin talabijin na Boston da New York ne suka buɗe musu ɗakunan aiki, gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi, Viola ya yi zama a cibiyar binciken Sony a Japan, babbar hasumiyar da Paik ya gina da akwatunan talabijin a Koriya kuma Samsung ne ya ba da akwatunanta. A ƙarshe ayyukan sun koma gidajen adana kaya da hannun attajirai, talabijin kuwa ya ɗebi dabarunsu na yanka hoto da rina launi ya zuba a bidiyon waƙa da talla. Baba Furodusa ya ce mai kallo haja ne. To mai sayen tikiti fa?

MaiGyara_Fagge:
Hasumiyar da Malam ya ambata ita ma na bi labarinta, domin ta shafi sana'ata. An gina ta ne a 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, da akwatuna 1003, adadin da ke nuni da 3 ga Oktoba, ranar tunawa da kafuwar ƙasarsu. A 2018 dole aka kashe ta saboda tsoron gobara, ba a sake kunna ta ba sai 2022, bayan an bi kasuwannin tsofaffin kaya ana neman kwalabe, wasu na can sama kuma aka sa musu allo irin na yanzu a cikin tsohon gidansu. Yanzu ma sa'o'i ƙalilan ake barinta a kunne. An daina ƙera kwalbar nan, kuma ko ka ɗora wa falasma maganaɗisun da ya kai turmi babu abin da zai motsa a hotonta. Irin akwatunan da 'yan gwangwan ke saye a wurinmu su fasa don jan ƙarfen ciki, a can ana lallaɓa su kamar tsoho a asibiti.

Tsohon_Furodusa:
Wataƙila Paik ya riga kowa sanin haka, domin akwai aikinsa na 1975 da ya ƙwaƙule cikin akwatin gaba ɗaya ya kunna kyandir a ciki, akwai kuma wanda ya sa wa suna da ke nufin watan sama shi ne talabijin mafi tsufa. Wannan ya tuna mini daren farin wata a tsakar gidanmu, kafin wuta ta iso garin, muna kewaye da kakarmu.

Malama_Talatu:
Baba, Allah ya ja kwana, amma kada kewar da ta ɗauke mu, domin watan da ke cikin wancan aikin ba wata ba ne. Ba a ɗauki hoton sama ba, hasken kwalbar aka murɗa har ya yi kama da jinjirin wata da rabinsa da cikarsa. Ko a nan ma bai bar mu mun huta ba.

MaiGyara_Fagge:
Jama'a, jiya da yamma na gwada. Ina da wani ƙaramin akwati mai inci 14 da mai shi bai dawo karɓa ba, da tsohuwar kyamarar tsaro. Saboda maganar Malam Abu Sumayya ban nemi mutum-mutumi ba, butar alwalata na ajiye a kan benci ta fuskanci gilashin, na haɗa waya, buta ta bayyana tana kallon buta. Yaran layinmu suka taru, kowa na tura kai yana gwalo yana ɗaga hannu, babu wanda ya dubi butar. Da suka gaji suka watse na zauna ni kaɗai a gefe inda kyamara ba ta kama ni. Abin da na lura shi ne hoton ba a tsaye yake ba kamar yadda na zata, yana ɗan numfashi, haske na raguwa da faɗuwar rana, ƙuda ya sauka a bakin butar na gan shi sau biyu. Wani mai kawo gyara ya tsaya a kaina ya ce, “Malam, wannan tashar ta ina ce?” Na rasa amsar da zan ba shi. Na duba agogo, minti tara na yi kafin hannuna ya kai kan waya.

Mai_Shakka:
Minti tara a Fagge babu tikiti, minti ashirin a Landan da tikiti. Malam Bakatsine, ragowar minti goma sha ɗayan nan har yanzu ina nan a kan cewa na ginin ne.

Ummu_Hanifa:
Malam Mai Gyara, don Allah kada ka kwance wayoyin tukuna. Ranar Asabar zan kawo rediyon Hajiya gyara, kuma ina so in zauna a gaban kyamarar da kaina in ga ko zan iya minti ɗaya ban gyara ɗaurin kallabi ba.